Daren da Fresia Ta Rufe Ƙubba

A kan wani dutse a hamadar Atakama,
inda iska ta sirance har huhu ke roƙonta,
akwai farar ƙubba, a cikinta madubi
mai faɗin tsakar gida.

Shekara ashirin da shida
Eduviges Colque ta yi tana dafa wa masu duban sama miya.
Ta san wanda ba ya cin albasa,
ta san wanda ke kuka a ɓoye in lissafi ya ƙi.
Ba wanda ya taɓa ce mata: zo ki leƙa.
'Yarta kuwa tana ƙarƙashin teburin kicin,
tana tsince takardun da aka yar,
tana cika bayansu da lambobi
da guntun fensir da bai kai ɗan yatsa ba.

Yau mabuɗin ƙubbar yana wuyan 'yar.

Wani dare a Yuli, sanyi na cizon kunne,
baƙo ya iso daga ƙetaren teku,
farfesa ne, shekara biyu yana jiran darare uku.
Ya miƙa mata kofi bai ko dube ta ba:
zubo mini shayi, ki kira mini shugaba.
Fresia ta zuba, har da sukari,
don uwarta ba ta koya mata ƙyamar buta ba.
Ta ce: shugabar ce ta zuba maka, sha da zafi.

Ƙarfe ɗaya saura, sama garau kamar an wanke,
allon na'ura na cewa lafiya lau.
Amma gishirin kan tebur ya dunƙule,
kuma iska ta juyo daga inda ba ta saba ba.
Ta ce: Baldomero, rufe.

Farfesa ya miƙe, kujera ta faɗi.
Ya ce zai buga waya Santiyago,
ya ce tsoro ne, irin nasu.
Baldomero kuwa, shi ne a taron bara
ya ce mace ba ta jure daren dutse.
Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli.
Ya dubi baƙo. Ya dubi gishiri.
Ya danna.

Minti arba'in ba abin da ya faɗo.
Minti arba'in tana tsaye, bayanta na jin idanunsu,
tana ƙirga numfashinta kamar kuɗin bashi.
Sannan, shiru shiru,
dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan rufin
da madubin ke kwance a ƙarƙashinsa, busasshe.

Ba wanda ya ba ta haƙuri.
A rahotonsa ya gode wa "ma'aikatan wurin."
Baldomero dai ya ɗaga kujerar,
washegari ya kawo mata safar ulu, bai ce komai ba.

Da aka yi hutun gyara, ta sauka gari
ta ɗauko tsohuwa a motar aiki,
robar iska a hanci, bargo biyu a kafaɗa,
da 'yan mata biyar na makarantar ƙauye
suna ta musu a kan wa zai zauna kusa da taga.
Ta kafa ƙaramin madubi a waje, ta saita shi yamma.

Eduviges ta sunkuya, ta daɗe.
A wajenmu Zara muke ce wa wannan, matar wata,
kamar ba ta da aiki sai binsa a baya.
Ashe ba shi take zagayawa ba,
hanyarta daban, kuma ta fi shi girma nesa ba kusa ba.

Tsohuwa ta ɗago tana share ido, ta ce sanyi ne.
Ƙaramar cikin yaran ta riga ta kama madubin
tana juya shi wani wajen
da ba wanda ya nuna mata.