Madubin Tagulla

Da asuba jirgin fito ya tsallakar da ni Nilu,
ni da akwatin fitilu da kyamara mai ƙafa uku.
Luksor na bayana tana hamma,
gabana jajayen duwatsu
inda sarakuna suka kwanta, aka tashe su ba sallama.

Madam Nabawiyya ke riƙe da makullin ma'ajiya.
Ta karya hatimin darma, ta sa hannu a rajista,
ta ce, "Ramzi, awa huɗu gare ka.
Kada fitilarka ta yi zafi,
kada ka taɓa, kada ka hura, atishawa ma ka fita waje."

Mai buga littafi a Alƙahira zinariya yake so,
na kuwa ba shi: abin wuya, awarwaro,
buzuzun shuɗin dutse da fikafikai a buɗe.
Zinariya ba ta wahalar da kowa, ta saba da kallo,
ɗan haske kaɗan, sai ta hau yanga.

Sai abu na tara: madubi.
Faifan tagulla, bai fi tafin hannu biyu ba,
mariƙinsa baƙin icce da ya sha gumin yatsu.
Wata bakwai masu gyara suna kankare masa tsatsa.
Katinsa ya ce: na wata mata, ba a san sunanta ba.

Na leƙa, sai ga ni ciki,
sanƙona, tabarau, da bakin da ya saki.
Na matsa dama, ga fitila.
Na matsa hagu, ga Madam tana duban agogo.
Shekara dubu uku a ƙarƙashin yashi
bai manta aikinsa ba.

Na rataya baƙin ƙyalle daga bango zuwa bango,
na huda shi daidai idon kyamara,
na laɓe kamar mai gudun bashi.
Shekara talatin sana'ata ke nan:
in nuna abu, ni in ɓace.

Amm Hassanen ke riƙe mini farin allo
mai mayar da haske inda inuwa ta yi kauri.
Kakansa ya yi dakon ƙasa a kwando a kwarin nan,
kwabo biyu a yini,
sunan wani ne ya shiga littafi.
Hannunsa na rawa. Ya ce a hankali,
"Ustaz, matar nan ta tsufa kuwa?
Ko ta ajiye shi tun fuskarta na daɗin kallo?"
Ban amsa ba. Na riƙe numfashi, na danna.

Da dare a masauki, fanka na kuka,
na faɗaɗa hoton a kwamfuta.
Tagulla sumul, ba ni, ba fitila, ba agogo.
Amma can a gefe, kusa da mariƙi,
ga wani farin ɗigo kamar ƙwayar shinkafa:
rawanin Hassanen.
Gogewa ba ta ɗaukar ƙiftawar ido.
Yatsana ya daɗe a kan maɓalli
har shayina ya huce.

Littafin ya fito da nauyin jariri.
Edita ya buga waya, "Mene ne wannan a shafi na ɗari da sha huɗu?"
Na ce tabo ne, haka tagulla take.

Na kai kwafi ɗaya Gurna ranar Juma'a.
Idon tsohon ya yi yana, bai ga komai ba,
sai jikarsa Wafa ta kama yatsansa
ta ɗora a kan ɗigon, ta ce, "Ga ka nan."
Ya daɗe bai ɗaga ba.
Madam na nan da ta ce kada a taɓa.
Can ya juya wajen ƙofa,
ya ce a ƙara sukari a shayin baƙo.