Shaidu Uku

Biyu saura na dare. Akra ta yi barci,
ban da ɗakin nan.
Sanyinsa na inji ne, ba na Allah ba,
na ɗora suwaita kan rigar aiki
alhali can Nima ana fifita da kwali.

Rumbuna sha biyu a jere, baƙaƙe, sun fi ni tsawo.
Ba gero ciki, ba dawa.
Sunaye ne da lambobi:
wa ya ajiye, wa ya cira, wa ake bi.
Fitilu kore suna ta ƙifta mini ido
kamar muna da wani sirri.

Dokar gidan nan ɗaya ce.
Abin da aka rubuta sau ɗaya, ba a rubuta shi ba.
Sai ya kwana nan,
ya kwana Kumasi,
ya kwana Tamale,
kafin mu ce wa mai kuɗi: ya shiga.

Ranar da Oga Boateng ya zana mini haka a allo
na kusa yin dariya.
Ai Kaka Asana ta riga shi.
Cinikin goronta bai taɓa kwana wuri guda ba:
kashi a bakin zane,
kashi gun mai adashi,
kashi cikin gwangwanin madara bayan randa.
Takan ce, wuta ba ta cin gida uku a dare ɗaya
sai in masu gidan sun haɗa danga.

Biyu da kwata, kore ɗaya ta koma ja.
Wata katafila ce, in ji su daga baya,
ta tsinke waya wajen Nkawkaw.
Kumasi na magana, ba ma ji.
Muna magana, Kumasi ba ta ji.
Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya mutu,
kowa na shirin cin gado.

Ga Marliya Gariba, mai koko a Aboabo.
Ban san fuskarta ba, layi ce a allona.
Sidi arba'in ta zuba ta waya
kafin ta hura wutar asuba.
Kumasi ta ce an zuba.
Akra ta ce ban gani ba.
Sidi arba'in na tsaye tsakanin garuruwa biyu
kamar fasinjan da mota ta bari a tasha.

Ban taɓa komai ba. Wannan ne mai wuyar.
Hannu na ƙaiƙayi, na zauna a kansa.
Aka tambayi Tamale.
Tamale ta yi jim, daƙiƙa uku, huɗu,
ta ce: na gani.
Biyu sun rinjayi ɗaya.
Rumbun gabana, babba da shi, ya sunkuyar da kai
ya karɓi gyara.

Akwai abin da ba a zana a allo ba.
Kwafi ba ya tambaya.
Bara Dauda ya goge abin da bai kamata ba,
kafin ya ce innalillahi
kuskuren ya isa Tamale, ya zauna, ya sha ruwa.
Gaskiya da ɓarna mota ɗaya suke hawa.

Asuba. Na miƙa makulli, na fito,
zafi ya rungume ni a bakin ƙofa.
Na sayi koko da ƙosai a Mamobi
gun wata da ba Marliya ba.

A hanya na yi ta laluben muryar Kaka.
Yadda take jan sunana in na yi laifi,
waƙar da take yi tana yayyafa wa goro ruwa.
Inna ta manta rabi.
Kawu ya tafi da nasa kason.

Saura ni.
Kwafi ɗaya, cikin rumbu mai ciwon kai,
yana tsallaka titi ba ya duba hagu.