Ƙwai Biyu a Gwammaja

Ranar Laraba ƙwai biyu ne a tukunyar gabas,
Ladiyo ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.
Ranar Alhamis babu ko ɓawo.
Uwar tana bisa katanga, wuya a miƙe,
tana leƙen ƙofar ɗakinta kamar baƙuwa.

Na ce ɓera ne. Goggo Tabawa ta ce a'a,
ɓera maɓarnaci ne, yakan bar shaida.
Wanda ya haɗiye ƙwai ɗungum bai tauna ba,
nemi sawunsa, ba za ka ga ƙafa ba.
Na duƙa bayan randa,
sai ga layi a kan rairayi
kamar an ja igiyar guga an ɗauke.

Tantabarun nan gadon Baba ne.
Bai bar fili ba, bai bar shago ba,
tukwane tara ya bari da suka gaji da murhu,
da rabin buhun dawa, da fito guda ɗaya
wanda in na yi shi sama takan cika da fiffike.

Na bi ta Jakara wajen Barau mai walda.
Ya saurare ni yana share gumi da hula.
Ya ce, katanga tsani ce, kai ka ba shi hanya.
Ɗaga su bisa bututun ƙarfe, sumul,
tsayin mutum da hannunsa a miƙe,
ka ɗora katako, ka jera tukwanenka.
Ya yanko kwanon rufi ya naɗe kamar malfa,
ya kifa shi a wuyan bututun:
mai hawa ya hau, ya ci karo da rufi, ya sauko da kunya.

Na shafe ƙarfen da baƙin mai.
Na sare reshen darbejiyar da ya leƙo,
maƙwabci ya kwana uku yana amsa sallama a daƙile.
Na kwashe tarin bulo,
na toshe ramin gafiya da fasasshiyar kwalba da siminti.

Muzurun unguwa ya zo gwaji da tsakar dare.
Mun ji ƙarar kwano, mun ji tim.
Da safe ga shi yana lasar baƙar ƙafa,
yana harara ta kamar na ci masa gado.

Mako uku lafiya lau. Sai 'yan shila biyu,
tsirara, baki ya fi kai girma.
Ladiyo ta raɗa musu suna. Na hana, ba ta ji ba.

Daren da aka yi ruwan farko
kukan uwar ya tashe ni, ba irin na asuba ba.
Na haska tocila.
Ga shi nannaɗe da igiyar shanya,
wadda ni da hannuna na ɗaura jiya
a saman malfar, don zanin Goggo ya sha iska.
Yana tafe a hankali
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.

Ban nemi sanda ba. Wuƙa na ɗauko, na datse igiyar.
Ya faɗo tare da zanin, ya sulale ta rariya,
ya nufi inda kududdufi yake a da,
kafin a cike shi a jera shaguna.

Goggo ta ce, me ya hana ka kashe shi?
Na rasa amsa.
Mu muka binne masa kwaɗinsa da ƙasa.
Amma 'yan shilan nawa ne.

Yanzu shanya ta koma ƙofar ɗaki.
Kowace magariba nakan zagaya bututun
in duba abin da ya taɓa shi,
ko zare, ko kara, ko tsintsiyar da aka jingina.

Jiya Ladiyo ta tsinci saɓa a bakin rariya,
ta ɗaga wa rana, ta ce ya manta rigarsa.
A can sama ƙaramin ya fito bakin tukunya,
ya buɗe fiffike, ya rufe.
Bai tashi ba tukuna.