Kwana Goma Ruf da Ciki

Ranar Talata ce, ina riƙe da sitiyari,
bas cike da mutane, muna gangarowa daga Crookes,
sai wani baƙin labule ya sauko ta gefen idona na dama,
a hankali, kamar mai shago yana rufewa da magariba.
Na murza, na ƙifta. Labule ya ƙi ɗagawa.
Na ja gefen titi, na ba fasinja haƙuri.

Likita ta ce tantanin bayan ido ya ɓamɓare
kamar yaɓen da damina ta ci.
Gobe da sassafe za a shiga.
Na sa hannu a takarda, biron yana karkarwa.
Shekara goma sha ɗaya da idon nan nake ci a Sheffield:
kuɗin haya, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanena a Zonkwa,
duk ta wannan 'yar taga suke shigowa.

Ba su sa ni barci ba. Allura kawai, da ƙyalle a fuska.
Ina jin ƙarafa na taɓa juna,
ina jin suna hirar ƙwallo ƙasa-ƙasa.
Na laluba doguwar addu'a, irin ta Baba Kefas a majami'a,
ta gudu ta bar ni.
Kalma uku suka rage: Yesu, riƙe ni.
Na yi ta juya su a baki
kamar tsoho da ɓarin goro guda tun safe.

Suka cusa kumfar iska cikin idon,
suka ce kwana goma, fuska ƙasa,
ita za ta danne wurin har ya kama.
Ubangiji, ashe kana da raha.
Ni da nake ce maka ran Lahadi kuɗin aiki ya fi tsoka,
ni da wuyana ya manta sunkuyo,
ga ni kife a gabanka bisa umarnin likita.

Da ƙafafu na riƙa gane masu zuwa dubiya.
Takalmin Filibus da bai taɓa ganin mai ba.
Safar Mama Asabe, ɗaya shuɗiya ɗaya baƙa.
Matan zumunta suka kewaye gadon,
addu'arsu na sauka a ƙeyata kamar yayyafi.
Rifkatu na ɗiga min magani sau huɗu a yini,
ta miƙo kunun gyaɗa ta bututun roba
tana cewa, sha, mai gida, yau kai ne jinjirin.

Dare na shida ban gode maka ba.
Wuya ya sage, baya ya ɗauki wuta,
na ce, in makanta ce ka faɗa min kawai.
Ba ka ce komai ba.
Ruwa na dukan taga, agogo na ƙirga abinsa.
Sai tafin hannunta ya sauka tsakanin kafaɗuna,
tana barci, ba ta ma san ta yi ba.
Na ɗauki wannan a matsayin amsa.

Bayan na ɗago, kumfar ta soma ja da baya,
haske na leƙowa ta sama
kamar ruwan randa yana sauka.
Ta koma kamar kwabo, ta koma ƙwayar wake
mai rawa duk inda na juya.
Wata Alhamis na farka, babu ita.

Abin da na fara gani sosai
furfura ce, sili huɗu, a goshin Rifkatu.
Yaushe suka fito? Ina nake kallo duk shekarun nan?

Har yau turken fitilar titinmu a ɗan karkace nake ganinsa,
kuma ba su ce komai ba tukuna a kan lasin tuƙi.
Ban san ko zan koma sitiyari ba.
Amma da asuba, kafin butar shayi ta tafasa,
nakan koma inda goshina ya bar rami a matashi,
in kifa kai,
ba wanda ya sa ni.