Dutse a Kan Tiyo

Ƙafata ta hagu ta daina jin magana
tun kakar albasar bara.
Daga ƙugu wuta ke gangarowa har yatsa,
ruku'u ya zama aikin gayya.

Na sha saiwa, an kafa mini ƙaho,
wanzami ya yi iyakarsa.
Daga Kwalkwalawa na hau mota,
na shiga Sakkwato da sanda.

Likita Saratu ta ɗaga hotona ga fitila.
"Baba Nomau, kana ban ruwa?"
Na ce, shekara talatin.
"In dutse ya hau tiyo fa?"
Na ce, fangalin ƙarshe ya bushe.

"To ga tiyonka," ta nuna wani farin zare.
"Matashin da ke tsakanin ƙashi biyu
ya fashe, ya leƙo, ya zauna kan jijiya.
Ƙafa ba ta da laifi, saƙo take karɓa.
Abin da ya leƙo kaɗai za mu tsince.
Wani hanyar ce ke matsewa,
sai mu ɗebe rufin ƙashi ta buɗe.
Wani sai an ɗaure gaɓa biyu da ƙarfe.
Kai ba ka kai can ba."

Na ce, in wuƙa ta goce?
Ba ta yi mini daɗin baki ba.
Ta lissafa abin tsoro ɗaya bayan ɗaya,
ta ce in koma gida shawara.

Yau kwana tara da ɗinki.
An hana ni ɗaukar buhu.
Ɗazu na taka tabarma,
babban yatsana ya ji tsinin kaba.
Ruwa ya fara isa.