Littafin Awon Jarirai

A Gidan Barmo, can bayan kasuwar Gani,
akwai littafin da gara ta ci wa gefe.
Makullin akwatinsa na wuyana yanzu.

Shafin farko rubutun baƙuwa ne, siriri, a karkace.
Su uku suka diro daga akori-kura
da sikeli, da gicciye,
da Hausar da yara ke kwaikwayo a bakin rijiya.
Dattawa suka ce, mata ba maza? Ba za su kai kaka ba.
Sun kai.
Ɗayarsu ma tana nan kwance
gindin darbejiyar da ta dasa.

Shekarar ƙyanda, shafi huɗu, jan layi kan sunaye.
Ba na daɗewa a wurin.

Sai rubutu ya sake hannu.
Sista Filomina, mai tace ruwa da ɗankwali,
ta bi kurkunu gida-gida
har ƙafafun manoma suka koma kunya.
Ba ta taɓa tambayar majinyaci alƙiblarsa ba.
Matar liman ma a hannunta ta sauka.

Shafi na casa'in, layi na bakwai:
"Mace. Bakwaini. Uwa: Tasalla.
Da wuya ta kwana."

Na kwana.

Da asuba nakan kaɗa tsohon ƙarfen mota,
mu biyar mu yi addu'a, mu sha kunun tsamiya.
In gyara lulluɓi, in rataye sikeli a reshen nan.
Mata sun riga ni, kowacce da goyo.
In lashi yatsa,
in juya shafi.