Guɗar Cikin Kaset

Kawu Ilu waƙarsa ɗaya ce a duniya.
Kaset guda, da fari ne, yanzu ya koma ruwan ƙasa,
an rubuta a gefensa da biro:
Tsalha mai garaya, daren kalankuwa.
Ba shekara. In ka tambaya sai ya ce,
shekarar da gero ya yi har rumbu ya kasa.

Batir huɗu yake shanyawa a kan danga tun hantsi,
wai rana na ƙara musu rai.
Bayan isha ya jawo tabarma gindin darbejiya,
ya hure rikoda, ya danna.
Mu muna gefe, kowa da igiya a kunne,
muna musun wane mawaƙi ya fi wane,
waye ya cika fili a Dutse, waye muryarsa ta inji ce.
Kawu bai taɓa sa mana baki ba.

Abin da ke cikin kaset ɗin na haddace shi ba da so ba:
iska tana shuu,
jaki ya yi kuka daga nesa,
wani yana cigiyar takalminsa,
mai tsire na kiran canji,
sannan garaya ta shigo tana ɗingishi, ta miƙe.
Can tsakiya Tsalha ya ɗaga murya,
Ilu na Tabawa, manomin da ba ya duban rana!
A nan Kawu ke ɗaga yatsa, kowa ya yi tsit,
sai guɗa ta tashi, siririya, doguwa,
ta haye kan garaya, ta haye kan taron.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Tabawa.

Ran wata Alhamis rikoda ta tauna zaren.
Kawu ya zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jinjiri.
Bai ci tuwo ba.

Lahadi na hau mota zuwa Gujungu,
wurin Nafi'u mai tura waƙa, ƙarƙashin lema,
janareta na tari a bayansa.
Ya ce waƙa dubu goma gare shi, in zaɓa.
Na ce wannan nake so.
Ya liƙe zaren da jan farce, ya naɗe da biro,
ya jona wayoyi, ya daɗe yana latse-latse.
Da zai miƙo min memori, ƙanƙane kamar farcen yaro,
ya ce, na wanke maka shi tas,
duk hayaniyar nan na share, kyauta.

Da dare na sa wa Kawu a wayata, ina jin kaina.
Garaya ta fito garau kamar ruwan burtsatse.
Ba jaki, ba mai tsire.
Tsalha ya kira Ilu na Tabawa,
Kawu ya ɗaga yatsa.
Yatsan ya tsaya a sama.
Garaya ta wuce abinta.

Ya ce, ina mutanen?
Wa ya bar Tsalha yana kiɗa a kufai?

Na lalubo tsohon kaset daga aljihu.
Ya karɓa bai dube ni ba, ya hure, ya danna.
Iska ta dawo, mai takalmi bai samu takalminsa ba har yau.
Guɗa ta tashi,
ta kai inda jan farce ya liƙe, ta yanke,
ta ci gaba.

Kawu ya yi murmushi a cikin duhu.
Ya ce, da ma a nan ya kamata ta sha numfashi,
kullum ina gaya mata.

Memorin yana wayata. Ban goge ba, ban kuma sake kunnawa ba.
Gobe in na tashi zan shanya masa batir.